Ƙwayar Likita a Kaskon Turare

Ambassatna, Injamena.

Zuwa ga Yayata Khairiyya, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayarta, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Rufa'i da yara da duk wanda inuwar gidanku ta rufe. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sassauta mata ciwon gwiwar nan, ya bar mana ita mu daɗe muna shan faɗanta. Mu ma nan alhamdu lillahi, muna ta fama da zafin Injamena da kika sani. Ɗanki Abbas ya wuce aji na gaba a lakwal, wato makarantar boko, Faransancinsa ya fara fin ƙarfina, in kuwa suka ɓarke da Larabcin Cadi shi da abokansa sai in koma baƙuwa a tsakar gidana. Daddawa da kukar da kika ba direba sun iso lafiya, Allah ya saka da alheri. Maƙwabta har sun fara aiko yara da 'yan kwanoni.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya, sai ka ce zamanin da. Wallahi na ɗauki wayar ba sau ɗaya ba. In na tuna farkon labarin dariya ta shaƙe ni, in na tuna ƙarshensa kuka ya taso mini. Ga shi kuma mai labarin yana kwance a ɗaki, kunnensa ras, don kunnen dai babu abin da ya same shi. Maganar ta maigidana ce da hancinsa, hancin nan da muke ci muke sha da shi. Kuma ta shafi naki mijin, saboda haka ki sauke tukunyar in kin ɗora, ki zauna ki karanta har ƙarshe.

Kin dai san mutumin naki, Mijinyawa Mai Turare. Bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, amma alƙalami ba shi da kunya. Tun da muka zo garin nan sana'arsa ke nan, haɗa turaren wuta da humra, har matan Larabawa daga unguwar Kilemat suke tahowa rumfarsa in za su aurar da 'ya. Ba ya awo, ba ya rubutawa, hanci kawai. A miƙo masa itacen sandal, ya kai hanci sau ɗaya ya ce wannan na gaske ne, wancan kuwa katakon kujera ne aka jiƙa da turare. Wannan baiwa ita ta ɗaure masa gindi har ya mai da kansa malamin jikin ɗan Adam. Kullum karatunsa a gida shi ne wai baki ƙofar tuwo ce kawai, hanci shi ne ƙofar rai. Mukan ce masa to, don a zauna lafiya.

Abin ya samo asali ne daga ambaliyar da na ba ki labari. Ɗakin ajiyarsa na Shagwa, can kusa da kogi, ruwa ya shige shi har iya ƙirji, kayan haɗin turare irin su sandal da hawi da farce duk suka jiƙe suka ruɓe. Dukiya dai Allah ya mayar da wata, amma zuciyarsa ba ta dawo ba. Da hadari ya haɗo sai gabansa ya hau dukan uku-uku, gumi ya karyo masa, hannu ya kama rawa. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, to naki mutumin ya zarce nan. Ran nan maƙwabciyarmu ta watsa ruwan wanki a lungu, kafin in waiga ya haye gado da takalmansa a hannu yana kiran a kwashe buhuna. Na yi dariya har da riƙe ciki, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na ga tuwo yana kwana a kwano, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, mutum ya zauna shiru yana kallon sama kamar mai jiran sammaci, sai dariyar ta tsaya. Tausayinsa ya kama ni, na sa shi gaba muka tafi asibiti.

Likitar wata mata ce mai haƙuri. Ta saurare shi tsaf, ta ce ciwo ne kamar kowane ciwo, fargaba ce ta kama shi, kuma ana warkewa. Ta rubuta masa wasu 'yan ƙwayoyi farare ƙanana, ta ce a haɗiya da ruwa, yadda ta ƙayyade, kada a ƙara, kada a rage, kada kuma a daina rana tsaka ba da saninta ba, ya riƙa dawowa tana duba shi. Magana sarai, ko Abbas ya fahimta. Sai dai ashe akwai abin da shekarun aurenmu duk ban sani ba, wato maigidana ba ya iya haɗiyar ƙwaya. Yaya, mutumin da ke jefa lomar tuwo kamar ƙwan agwagwa ta wuce ba tari! Sai ya ɗora 'yar ƙwayar a harshe, ya rufe ido, ya yi bisimilla, ya shanye moɗa guda, ya buɗe baki, ga ta nan zaune daram tana narkewa da ɗaci. Ya ƙara moɗa ta biyu, ciki ya cika fal, ƙwaya tana nan. Yara har tabarma suke shimfiɗawa in lokacin shan magani ya yi. Duk da haka a daddafe ya yi watanni yana sha, kuma ya ji daɗi ƙwarai. Ya koma cin abinci, ya koma rumfa, har ya iya tsayawa ƙofar gida ya ce hadarin nan na gabas ba zai zubar ba.

To, sauƙin nan shi ya ba shi sararin yin tunani, kuma kin san tunanin namiji in ya ƙoshi. Wata rana da la'asar hayaƙin dukhan ya taso daga gidan maƙwabta, wato turaren nan da matan garin nan ke zama a kan rami su lulluɓa da bargo hayaƙi ya ratsa jiki. Ya shaƙa, sai na ga ya gyaɗa kai shi kaɗai. Ya ce wai shi ya gano inda Bature ya kuskure. Wai kakanninmu da hayaƙi suka yi maganin ciwon kai da na iska da na mura, a zuba a garwashi a lulluɓa, ba wanda ya taɓa shaƙe su da moɗar ruwa. Wai ƙwaya in ta bi ta ciki sai ta tsaya gaisawa da tuwo da miya kafin ta kai zuciya, ta hanci kuwa hanya ce miƙaƙƙiya. Na ce masa likita cewa ta yi a haɗiya. Ya ce likita ta san magani amma ba ta san hayaƙi ba, shi kuwa a cikinsa aka haife shi.

Haka ya ɗauko ɗan turmin da yake daka farce, ya murƙushe ƙwayar, ya barbaɗa a kasko, har da ɗan gutsuren sandal wai don ƙamshi, ya jawo bargona na aure ya lulluɓa. Yaya, warin da ya tashi a ɗakin nan ban taɓa jin irinsa ba, kamar an jefa tsohon silifa a murhu. Kaji ma barin tsakar gidan suka yi. Ina jin sa a cikin bargo yana tari kamar tsohon babur, ya fito ido jawur, hawaye da majina shaɓe-shaɓe, yana tangaɗi, ya dafa bango ya ce mini wai na gani, jirin nan shi ne alamar magani ya kai inda aka aike shi. Na yi faɗa, na yi magiya, na ce zan gaya wa likita. Ya ce in na kai ƙararsa wurin wata mace to in tabbata na tozarta shi a gari. Na ƙyale shi ina cewa gobe zai gaji ya bari.

Bai bari ba, sai ma gaba da abin ya yi. Fargabar da ta kwanta ta dawo sabuwa fil, barci ya ƙaurace, hannu ya koma rawa fiye da da. Maimakon ya ce hanyar ce ba daidai ba, sai ya ce hayaƙin ne bai isa ba, ya ƙara yawan abin da yake zubawa. Ana cikin haka sai ga Mudi, abokinsa mai sayar da kayan waya a bakin kasuwa, irin mutanen nan da ba a taɓa kawo maganar da ba su sani ba. Mudi ya duba kasko ya girgiza kai, ya ce ai ɓarna ake yi, rabin hayaƙin bargo ne ke shanyewa, ya tafi ya kawo masa aron tukunyar shisha. Maigidana fa, wanda in ya ga samari suna shan shisha a bakin titi sai ya tsaya ya yi musu wa'azi har su tashi su bar masa wurin! Sai ga shi a bayan ƙyaure da tiyo a baki, tukunya tana ƙurrr-ƙurrr kamar kwaɗo a rijiya. Da na ce masa Malam yau kai ne da shisha, sai ya ce in iya bakina, wannan ba shisha ba ce, jinya ce.

Maganin da aka ba shi na wata ya ƙare tun wata bai raba ba. Ya je kantin magani suka ce sai da sabuwar takardar likita, kunya kuma ta hana shi komawa wurinta. Mudi ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ya samo masa wasu a hannun masu talla a kasuwa, a ƙulle cikin leda, ba suna ba kwali, wata fara wata ruwan ɗorawa, wai duk 'yan uba ɗaya ne. Daga nan ne gidan ya rikice. Mutum ya ci abinci ya wanke hannu, ya juyo ya tambaye ni yaushe za a sauke. Ya tafi rumfa da hula biyu a kai. A masallacin unguwa liman ya sallame, jama'a suka shafa addu'a suka miƙe, shi yana nan a zaune ya jingina da ginshiƙi yana minshari, sai da ladan ya tashe shi zai rufe ƙofa. Muryarsa ta dushe, tari ba dare ba rana, in ya yi magana harshe yana harɗewa har mutane suka fara kallona da tausayi, irin kallon da ake yi wa matar mashayi. Wannan kallo ya ci mini rai ƙwarai.

Abin da ya fara tsorata ni na gaske kuwa humrar wata amarya ce. Wata Hajiya daga Kilemat, tsohuwar mai sayayyarsa, ta ba shi aikin turaren 'yarta. Ya haɗa ya kai. Washegari sai ga ta a ƙofar gida da kwalba a hannu, tana zazzaga Larabci irin wanda ko ba ka jin yaren ka san ba addu'a ake maka ba. Wai an shafa wa amarya, ango ya shigo ya tambaya ko an kawo injin niƙa ɗakin. Ashe kwalbar man keken ɗinkina ya ɗauka ya tuttula a ciki. Na karɓa na shinshina, wallahi sai da na kau da kai. Shi kuwa ya karɓa, ya kai hanci, ya ja, ya sake ja, ya rantse da Allah lafiyarta lau, sharri ne na masu baƙin ciki. Hajiya ta dube shi, ta dube ni, ta ajiye kwalbar a ƙasa ta tafi ba sallama. Na lura da yadda ya bi kwalbar da kallo, ya ɗauka ya sake kai wa hanci a ɓoye. A nan na gane ba gardama yake yi ba, ba ya ji ne.

Ranar da abin ya fashe, da rana tsaka ne, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen kogi. Na gan shi ya shige ɗaki da sauri, ashe ya haɗa duka biyun, ya ja tukunyar Mudi, ya kuma koma wa kasko da bargo wai don ya kama da kyau. Ina tsakar gida ina kwashe shanya sai na ji ƙauri. Na leƙa kicin ba komai. Na banka ɗaki, Yaya, bargo yana ci da wuta ta gefe, hayaƙi ya cika ko'ina, shi kuwa ya kife a ciki bai san ana yi ba. Na fizge bargon na watsa masa ruwan randa. Gemunsa ɓangare guda ya babbake, leɓɓansa sun yi baƙi, numfashi sai an jima ya ja ɗaya, can kuma jikinsa ya hau karkarwa yana sanƙarewa. Na kurma ihu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, na ɗauka takaba ta same ni. Allah ya taimake mu Siradji maƙwabcinmu yana sauke albasa daga a-kori-kurarsa, aka kinkime shi aka shimfiɗa a kan sauran buhunan. Haka Mai Turaren Ambassatna ya ratsa gari a kan albasa, ina riƙe da kansa ina salati, ruwa yana dukanmu.

Sun sha aiki a kansa kafin ya dawo hayyacinsa, har da abin numfashi suka sa masa. Da ya farfaɗo, likitar nan tasa ta zo ta tsaya a kansa, ta tambaya cikin natsuwa wane asibiti ne ya rubuta masa kasko. Ya sunkuyar da kai ya ce wai gado ne. Ba ta yi dariya ba, ni ce na yi, ina yi ina share hawaye. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani, ni kuma ga shi ina ba ki yadda na riƙe. Ta ce ƙwaya ba magani ne zalla ba, akwai abubuwan da ake haɗawa a daskarar da ita, an yi su ne don ciki ya narkar, in wuta ta taɓa su sai su zama hayaƙi mai guba da ke ƙona maƙogwaro da huhu da cikin hanci. Maganin kansa yawancinsa wuta ke cinyewa, ɗan abin da ya shiga kuma ba wanda ya san yawansa, shi ya sa mutum yake ta ƙarawa. Jikinsa ya riga ya saba da maganin, da ya koma ƙonawa sai ya zama kamar ya yanke shi rana ɗaya, wannan kaɗai yana iya kawo rawar jiki da farfaɗiya. Na leda kuwa ta ce Allah kaɗai ya san abin da ke ciki, wasu in suka haɗu da irin nasa numfashi suke tsayarwa, mutum ya kwanta barci ya zarce. Ta mayar da shi kan magani da awo, za ta riƙa rage masa sannu a hankali, kuma yana zuwa suna zama yana faɗa mata abin da ke tsorata shi. Yanzu a gabana yake haɗiya, ta koya masa dabarar da ta fi moɗa uku, kuma tana wucewa. Da ya tambaye ta hancinsa fa, sai ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, sai abin da lokaci ya nuna. Garin neman gira ke nan, Yaya. Rumfa dai a rufe take tun ranar.

Yanzu ga inda maganar ta zo kanki. Da yake kwance wayarsa tana hannuna, sai saƙon murya ya shigo daga Malam Rufa'i, na taɓa ban sani ba ya hau magana. Ashe tun kwanakin da mutumin naki yake ganin ya gano abin da ya gagari Bature, ya aika wa mijinki dogon bayani, don ya san shi ma likita ya ɗora shi a kan irin wannan magani tun haɗarin motar da ya yi. Da kunnena na ji Malam Rufa'i yana godiya, yana cewa Allah ya ƙara basira, shi ma ƙwayar tana ba shi wahala, zai jarraba ranar da kika tafi bikin Matamaye gida ya zama ba kowa. Yaya, don girman Allah kada ki je bikin nan, ki aika da gudummawarki. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, to nan ba karin magana ba ce, gemun ya kama, ni na kashe shi da hannuna. Ki tattara kaskon gidanki ki kai ɗakin Inna. Amma kada ki ce za ki zubar masa da magani ko ki hana shi sha, wannan ma haɗari ne babba. Ki sa shi gaba ku je wurin likitansa, ya faɗa masa gaskiya cewa haɗiya ce ke ba shi wuya, akwai yadda za su yi masa. In ya yi miki gardama ki karanta masa takardar nan, har da wurin albasa.

Na san labari ya riga ya iso miki cewa 'yarki Hidaya ta sauka lafiya, an samu namiji, tana nan gida wurina tana wanka. Abin da ba a gaya miki a waya ba shi ne ranar da aka kai wa maigidana jikan nasa. Yana zaune bakin gado da rabin gemunsa, na miƙa masa, ya karɓa ya yi masa addu'a. Sai ya sunkuya ya ɗora hancinsa a tsakiyar kan yaron. Ya daɗe a haka, yana ja a hankali, yana sakewa, har mata suka fara tsokanarsa wai zai shanye musu ango. Ya yi musu murmushi. Da suka fita ya yafuto ni da hannu, ya rage murya don kada Hidaya ta ji, ya roƙe ni in gaya masa ƙamshin me yaron yake yi. Ni da kika sani ba a rasa magana a bakina, na tsaya ina inda-inda, da ƙyar na ce ƙamshin nono da ɗumi, irin na jarirai dai. Ya ce haba, shekara da shekaru ina auren mai turare, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan? Ya yi dariya, hawaye suna gangarowa, bai kuma ɗaga hancinsa daga kan yaron ba.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce ta sa mu a addu'a, amma kada ki ba ta labarin wutar. Ki gaida Malam Rufa'i da kyau, da Junaid da Murja da Zulkiflu, da Gwaggo Delu in ta leƙo. Abbas da Muslim suna gaishe ku, mai jego ma ta ce a gaida Mamanta ta Damagaram. Allah ya tsare mana mazajen nan daga dabarar kansu, ya ba mu ikon riƙe su, ya sada mu da alheri. In kin idar da salla ki roƙa masa Allah ya mayar masa da hancinsa, ko da na yini ɗaya ne, kafin yaron nan ya girma ƙamshin ya tafi.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki,
Balkissa.